Baƙin Man da Na Zuba wa Jangwada

Duk wanda ya zo koyon kanikanci yanzu, juye ake fara ba shi. A ce ya kwanta ƙarƙashin mota, ya kunce noti, ya tari baƙin mai a faranti, ya ɗaure, ya zuba sabo. Shi ya sa ku yaran gareji kuke ganin juye aikin sabon shiga ne, wanda ko barci mutum yake yi zai iya. Ni na haura shekara hamsin da sifana a hannu, injinan da na sauke ba zan iya tuna yawansu ba, amma aikin da ya fi kowanne ɓarna a hannuna juye ne. Bai ci mini rabin awa ba. Inji ya ƙone, mutum guda ya rasa sana'arsa, kuma ba ni ne mutumin ba.

Sunana Rabe. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni Funtuwa wurin Oga Mamman, mai gyaran manyan motoci. A farkon shekarun saba'in Funtuwa garin auduga ce. Da kaka ta yi, gingimari ke shigowa jere daga ƙauyuka, an lafta musu kaya har sun karkace. Injinansu duk sun tsufa, sun sha wuya, ko'ina ya saki. Garejinmu gindin wani maɗaci ne, a reshensa muke rataya sarƙa mu ɗaga inji. Kayan aikinmu guduma, kurfi, manyan sifanu, da wani dogon bututun ƙarfe da muke zura wa sifana mu hau kai mu biyu idan noti ya ƙi.

Aikin farko da na ga Oga Mamman ya burge mutane da shi, wata tsohuwar gingimari ce mai hayaƙi kamar an kunna yayi, injin yana ƙara kamar ana daka. Bai kunce komai ba. Ya juye man da ke ciki, ya zuba mai lamba hamsin daga duro, ya ƙara da gwangwani guda na man giya, mai kaurin nan da ake zuba wa giyar mota. Aka tayar, ƙarar ta kwanta, hayaƙin ya ragu. Motar ta ƙarasa kakar nan lafiya. Ranar ya koya mini gwajin da duk kanikawan manyan motoci suke yi: ka ɗiga mai tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza, ka buɗe a hankali. In ya yi zare kamar miyar kuɓewa, mai ne. In ya tsinke nan take, a wurinmu ruwa ne. Yakan ce, "Ƙasarmu zafi gare ta, mai in ba kauri rana ma shanye shi take." Ba ƙarya ya koya mini ba, don ga injin da ya riga ya saki, kaurin yana cike gurbi. Laifina shi ne na ɗauka ilimin mai ke nan gaba ɗaya.

Da aka yaye ni na koma Malumfashi na kafa rumfa kusa da tasha. A tsallaken titi akwai garejin Baba Iliya, mutumin Matazu, Kirista, wanda ya koyi aiki a wurin gyaran motocin asibitin mishan tun yana saurayi. Shi ne mai ƙananan motoci a garin. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, malaman gona, duk wurinsa suke zuwa. Lokacin ya kusa shekara sittin. Ranar da na kafa rumfa shi ya fara tsallakowa ya yi mini barka, ya ce, "Ɗana, ni bayana ya daina ɗaukar gingimari. Duk wadda ta zo zan turo maka." Kuma ya cika. Ranar Juma'a in na tafi masallaci shi ke duba mini kaya, ranar Lahadi in ya tafi coci ni ke duba nasa.

Kayan aikinsa daban suke da namu. Yana da wasu siraran ganyayen ƙarfe da yake auna tazarar bawul ɗin inji da su, da wata doguwar sifana mai ma'auni wadda take yin ƙas idan noti ya ɗauru daidai. Ni da ƙarfin dantse na saba ɗauri. Ya ara mini ita ya nuna mini yadda ake karanta ta, ta yi wata da watanni a rumfata bai tambaya ba. Mai kuwa ba ya saye a duro. Na gwangwani yake saye, ya karanta lambar, lamba talatin lokacin sanyi, arba'in in zafi ya shigo. Mu kanikawan manyan motoci muna yi masa dariya a bayan ido, muna cewa Baba shayi yake ba motoci.

A cikin motocin da yake dubawa akwai wata 'yar ja mai ƙofa biyu, ƙirar Jamus, gajera har ta kusa shafar ƙasa, ga gudu. Mutanen gari suka sa mata suna Jangwada. Wani likita Bature ne ya zo da ita tun da daɗewa, da zai koma gida ya sayar wa Alhaji Sada, babban mai sayen auduga wanda yake da gingimari uku. Alhaji mutum ne mai jiki. In zai shiga sai ya tattare babbar riga ya ɗora a cinya, hula tana gogar rufi. Direbobin tasha sukan ce, "Alhaji, kai ka shiga motar ko ita ta shige ka?" Shi kuma ya ce, "Ku dai ku tara kuɗin keke tukuna." Yana son motar nan fiye da gingimarin duka.

Injinta a baya yake, kuma danginsu ɗaya da na ƙananan motocin nan da muke kira kunkuru, sai dai ya fi su wuta. Ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa ko ɗigo. Fanka ce ke hura mata iska, sauran aikin sanyayawa kuma baƙin mai ne ke yi. Man da take sha gaba ɗaya bai kai galan ba. Ku riƙe wannan, don ni a lokacin ban ɗauke shi komai ba.

Wata rana da bazara, bayan azahar, Alhaji ya dawo daga Kano ya tsaya a garejin Baba yana faɗa. Ina tsaye a tsallake ina jin su. Wai fitilar mai tana kyaftawa duk lokacin da ya tsaya.

Baba ya leƙa ya ce, "Alhaji, ɗan taka totur." Ya taka, fitila ta mutu. "To ka gani. Bayan doguwar tafiya, in tana tsaye, takan kyafta. Haka take tun tana hannun likita. Ba ciwo ba ne."

"Likita yana zuwa Kano ya dawo a yini ɗaya? Iliya, kai komai aka ce sai ka ce haka take."

"To haka ɗin take, Alhaji."

Alhaji ya ja mota ya tsallako wurina, don dama akwai gingimarinsa guda a hannuna. Ya ce, "Kai Rabe, zo duba mini abin nan." Da ina da hankali da na ce motar Baba ce, ba na sa hannu. Amma direbobi sun taru, ga Jangwada a ƙofar rumfata karo na farko. Na zaro gejin mai, na shafa a yatsa, na murza, na buɗe. Ya tsinke. Na ɗaga hannu kowa ya gani na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai shayi ne, madara kawai ya rage." Aka tuntsire da dariya.

Na shimfiɗa buhu na kwanta. Na kunce ƙananan notina shida na murfin ƙasa, na wanke rariyar da kananzir, na mayar. Na ɗebo mai lamba hamsin daga duron gingimari, na ƙara gwangwanin madara guda na man giya, kamar yadda na ga ana yi a Funtuwa. Aka tayar. Fitila ta mutu mutus, ko a tsaye ba ta kyafta ba. Ƙarar injin ma ta yi laushi. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe likitan yana tsallaken titi muna ta wahala."

Bayan ya tafi, Baba ya tsallako. Bai yi fushi ba. Ya tsuguna inda man ya ɗiga a ƙasa, ya taɓa, ya kai hanci. Man giya yana da wani wari da ba ya ɓuya.

"Rabe, me ka zuba mata?"

"Man maza, Baba."

"Motar nan ba ta da ruwa, man nan shi ne ruwanta. Aika a kira Alhaji ka juye shi tun ba ta yi nisa ba. Ni zan ba ka na zubawa, ba sai kowa ya ji ba."

Akwai direbobi biyu zaune kan benci suna saurare. Don su na ce, "Baba, zamanin likita ya wuce." Ya dube ni, ya goge yatsa a tsumma, ya koma garejinsa.

Sati uku ba su cika ba aka jawo Jangwada da tarakta. Tsakanin Dayi da Malumfashi, rana tsaka, tana cikin gudu ta yi wata ƙara guda ta tsaya. Da aka ɗaga murfin baya, warin ƙuna ya doki kowa. Fentin jikin injin ya tashi. Tasha ta watse, kowa ya yo rumfata. Alhaji ya sauko daga kan tarakta, rigarsa duk gumi, ya ce, "Rabe, inji ya buga. Kai ka taɓa ta ƙarshe. Ina jin ka."

Amsar ta fito daga bakina tun kafin in yi tunani. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa ana ba ta shayi? Cikinta ya riga ya cinye kafin ta zo hannuna. Ba don man da na zuba ba, da ko sati ba ta ƙara ba."

A ranar rabin zuciyata ta yarda da abin da na faɗa. Alhaji kuwa duka ya yarda. Ya tsallaka titi, jama'a na biye, ya tsaya a ƙofar garejin Baba ya wanke shi tas. Ya ce ya kashe masa mota da tsumulmular mai, ya ce tsufa ya kama shi, ya ce duk mai son motarsa ya ɗauke ta daga nan. Baba yana tsaye da sifana a hannu. Da Alhaji ya numfasa ya ce, "Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. A buɗe injin a gabana."

"Hannunka ba zai ƙara taɓa ta ba, ko idonka ban yarda ba."

Ni kaɗai na buɗe injin nan, bayan na ja buhu na kare rumfa. Wanda ya taɓa buɗe inji ya san bambancin ƙarfen da tsufa ya cinye da ƙarfen da wuta ta ci. Wanda ya tsufa sumul yake, ya sirance a hankali. Wannan kuwa ya yi shuɗi, kan bawul guda ya tsinke ya faɗa kan fistin, man ya daskare a bango kamar kwalta. Wuraren da wutar ba ta kai ba kuma kamar sababbi, ko zane babu. Shekara da shekaru Baba yana riƙon injin nan kamar ƙwai. Na gani, na rufe bakina.

Alhaji ya sa aka samo kaya daga Kano na haɗa injin, da sifanar Baba ma na ɗaure shi. Na sake zuba irin man nan nawa, don har lokacin ban gane ta inda kauri zai kawo zafi ba. Na fita gwaji zuwa hanyar Bakori na dawo. Na kai hannu zan zaro geji, ya ƙone ni har sai da na yar. Na taɓa ganin Baba yana riƙe gejin motar nan da yatsa biyu bayan ta dawo daga Kano, yana magana, bai ko yamutsa fuska ba.

Akwai wani mataccen injin kunkuru a bayan rumfata. Washegari na fasa shi, na ɗauko butar kananzir, na riƙa zubawa a hanyoyin mai ɗaya bayan ɗaya ina kallon inda yake fita. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Cikin rumbun fanka akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, amma na mai, inda iska ke hura shi ya huce. A ƙasan inji kuma akwai wani ɗan toshi mai sifirin a bayansa. In na bar toshin a sama, kananzir sai ya bi ta lagireton. In na danna shi ƙasa da sukundireba, sai ya yanke ya wuce kai tsaye, ko leƙa lagireton ba ya yi.

Wanda ya taɓa ganin masu ban ruwa a fadamun Ɗanja zai gane. Mutum ya tsaya da fartanya, ya toshe wannan hanya ya buɗe waccan. Toshin nan shi ne mai ban ruwan, sai dai ba shi da ido, nauyin turi kawai yake ji. Da safe mai yana da sanyi, yana da kauri, yana turi da ƙarfi, sai toshin ya sauka ya ba shi gajeriyar hanya, don mai sanyi ba ya bukatar a sanyaya shi. In ya ɗumama ya saki, turin ya ragu, toshin ya koma sama ya tilasta masa bin lagireto. Ni kuwa na zuba man da ko ya yi zafi ba ya saki yadda ya kamata. A kan gudu yana ta turi, toshin yana zaton har yanzu safiya ce, yana ta ba shi gajeriyar hanya. Ga kuma kaurin kansa, inji yana wahalar juya shi, wahalar tana ƙara wuta. Fitila ba ta san zafi ba, turi take gani. Shi ya sa ta yi shiru har injin ya ƙone.

Kuskuren farko jahilci ne, Allah ya sani. Abin da na yi bayan na gane ba shi da wannan uzurin. Na hau mota zuwa Funtuwa inda ba za a gan ni ba, na sayo irin gwangwanayen Baba, na juye su a cikin tsohon galan marar rubutu, na binne fankon. Da shi na riƙa yi wa Jangwada juye. Ta huce, ta koma lafiya. Da fitila ta dawo da kyaftawarta Alhaji ya tambaya, na ce waya ce take taɓawa, kada ya damu. Ya ce to. Maganar da ya ƙi karɓa daga mai gaskiya, ya karɓa daga gare ni ko gardama babu. A bainar jama'a kuwa ina nan ina murza yatsa ina cewa mai sai mai kauri.

Malaman makaranta suka fara tsallakowa, sai ma'aikatan asibiti, sai malaman gona. Ba wanda ya zagi Baba, kawai aka daina zuwa. Ya koma gyaran injin niƙa da famfon ban ruwa. Ina kallonsa daga rumfata, wani yinin yana zaune daga safe har la'asar yana goge sifanun da ba su yi datti ba. Shekara biyu a haka. Wata safiya aka tsayar da akori-kura a ƙofar garejinsa ana loda kaya. Ya tsallako ya ce, "Rabe, sifanata." Na ɗauko na miƙa masa. Ya ɗan tsaya, kamar mai jiran wani abu. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Ya ce amin.

Sai muguwar shekara ta zo, a farkon shekarun tamanin. Damina ta yi gardama, kaya suka yi wuya, man gwangwani ya ɓace daga kanti. Abin da ya rage sai na kwalba da ake jerawa a bakin titi, ba lamba ba suna. Direba zai tsaya ya sa yatsa ya zaɓi wanda ya fi yin zare, wai haka Rabe ya ce. Masu sayarwa suka gane abin da ake so, suka riƙa dama shi da man giya. A bazarar nan akwai ranar da kunkuru huɗu na haya suka jeru a ƙofar rumfata, duk ciwo ɗaya, kuma ba kayan gyara a ko'ina. Kowace akwai gidan da take ciyarwa. Mutane suna cewa kasuwa ta buɗe wa Rabe. Ni kaɗai na san bakina ne ya jera su.

A ƙarshen bazarar aka sake jawo Jangwada. Alhaji ya yi tafiya, lokacin juye ya yi, ya tsaya a bakin hanya a Dayi ya ce a zuba masa irin na Rabe. Wannan karon bai yi faɗa ba. Ya zauna kan bencina ya cire hula ya ce, "Mai kauri na sa aka zuba, da yatsana na gwada. Iliya kuma ya shekara biyu ba ya garin nan. To yanzu wa za mu kama?"

Na ce ya ba ni kwana biyu.

Da ruwan farko ya sauka na hau babur zuwa Matazu. Aka nuna mini gonarsa a bayan gari. Na same shi yana bin shanun huɗa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya tsayar da shanun, muka gaisa, ya tambayi iyali da mutanen tasha ɗaya ɗaya. Na tsuguna a kan kunya na faɗa masa komai, har binne gwangwanaye. Yana saurare yana kore wa sa ƙuda.

Da na gama ya ce, "Toshin nan ka gano? Da kananzir? Kai, ka yi ƙoƙari. Ni sai da Bature ya zana mini a takarda."

"Baba, gafara na zo nema."

"Wannan na yi tun ina Malumfashi, ba don kai ba, don in iya barci. Amma Rabe, a gonar nan ka ɓata mini suna?"

"A'a."

"To shanun nan ba su san komai ba. Ka je inda ka zubar ka kwashe."

Ranar kasuwar Malumfashi, da hantsi, lokacin da tasha ta cika, na roƙi Alhaji Sada ya zo. Na hau kan wata tsohuwar taya, na ɗaga toshin nan da sifirin ɗinsa a hannu. Na ce ni na ƙona Jangwada, ba Baba Iliya ba. Na ce ya gargaɗe ni a ranar na yi masa rashin kunya. Na ce shekara huɗu man Baba nake zuba mata a ɓoye. Na ce duk mai kunkuru ya daina gwada mai da yatsa, don ni na koya musu kuma ƙarya ce. Sai wani ɗan kamasho ya ce, "Ashe kai ma shayin kake sha a ɗaki!" Wasu suka yi dariya, masu kunkurun da ke kwance ba su yi ba. Ɗaya daga cikinsu ya tofar da yawu ya tafi, har ya mutu bai ƙara gaishe ni ba, kuma bai zalunce ni ba.

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Kai ka yi ƙarya, amma ni na tsallaka titi da bakina. Ɗaura motar nan a bayan gingimari. Matazu za mu."

Da muka isa, Alhaji ya tsuguna wa Baba a ƙofar gidansa, babban mutum da babbar riga, a gaban maƙwabta. Baba ya kama shi ya tayar ya ce, "Haba Alhaji, ƙasa ta jiƙe." Aka tura Jangwada gindin wata ɗorawa. Kwana biyar na yi a Matazu ina haɗa injin da 'yan kayan da na tsinto daga matattun kunkuru, Baba yana zaune kan turmi yana cewa wannan zai yi, wannan jefar. Sauran man gwangwani da nake ɓoyo na kawo, wannan karon a cikin gwangwaninsa.

A rana ta ƙarshe aka zo saita bawul. Na miƙa masa ganyen awo, don aikinsa ne, duk Malumfashi ba wanda ya kai shi. Ya tsuguna ya zura, ya ja, ya sake zurawa. Ganyen ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka ya sake, ya ƙara faɗuwa. Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, duk kanta, yatsun sun sandare.

"Ba na jin sa, Rabe. Karɓi. Ja a hankali, in ka ji kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin kofi, to ya yi."

Muka tayar. Na kai ta har kusa da Musawa na dawo da rana tsaka, injin bai ko canza murya ba. Alhaji ya yi ta murna, ya ce Baba ya koma Malumfashi, shi zai gina masa gareji na bulo. Ni ma na ce ya zo ya karɓi rumfata in koma ƙarƙashinsa, ƙananan motoci duk nasa.

Baba ya yi murmushi. "Kayan aikin na sayar, su ne shanun can. Ko da suna nan, kun ga hannun. Suna kun dawo mini da shi, na gode, 'ya'yana za su shiga Malumfashi ba sunkuye ba. Amma hannun bakanike in ya shekara biyu a kan garma, ba ya dawowa."

Alhaji ya buɗe baki zai sake magana, Baba ya dubi gabas ya ce hadari yana haɗuwa, ga shi saura kunya goma sha bai huɗe ba. Ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya kunce shanunsa ya kora su gona. Bai ƙara riƙe sifana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Garejin da ke tsallaken titi, mai sayar da itace ne ya karɓe shi. Na yi shekara talatin ina buɗe rumfa kowace safiya ina kallonsa.